Sifika Biyar, Kunne Ɗaya

Saura kwana uku iyayen Amir su zo a sa rana, Sa'adiyya ta dawo daga makarantar 'yan mata da take koyarwa ta iske farar a-kori-kura a ƙofar gidansu na unguwar Dogo Nini, ana sauke kwalaye.

Motar ba ta dame ta ba. Ta san ta Ɗantala ce, mai saro kayan wuta daga Kano. Abin da ya tsayar da ita shi ne jan babur ɗin Bashir da ke jingine a gindin darbejiya. Wata bakwai rabon babur ɗin da ƙofar gidan, tun ranar da mahaifinta, Alhaji Zarami, ya aika wa dangin Bashir cewa su yi haƙuri, ba zai ba mai gidan kallon bidiyo 'yarsa ba.

Ta gyara mayafi, ta wuce zaure ba ta ɗaga kai ba.

A tsakar gida Hajja tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Yayar Alhaji ce, ita ta riƙe Sa'adiyya tun rasuwar mahaifiyarta.

"Kin ga babur ɗin?"

"Na gani, Hajja."

"To ki gani ki kau da kai, ba don ke ya zo ba. Babanki ne ya sa aka kira shi."

Ta yi mata bayani a taƙaice. Amir ya riga ya sayi talabijin da bidiyo ya kai sabon gidansa na unguwar Yindiski. Alhaji ya ce shi kuma zai sa amfilifaya a cikin kayan ɗakin 'yarsa, akwatin nan da ake jona bidiyo da rikodar kaset a jikinsa ya fitar da sautinsu ta manyan sifika. Ɗantala ya kawo guda uku a zaɓa, sai dai shi sayarwa ya iya, ko waya ɗaya bai san inda take shiga ba. Alhaji kuwa shekara talatin yana cinikin shanu a kara, bai taɓa sayen dabba ba sai da wanda ya san haƙori da kofato a gefensa. Da ya tambaya wa ya san kan waɗannan akwatuna a Potiskum, mutum uku suka ba shi suna ɗaya.

"Shi ne ya kira shi? Ya zaɓa mini kayan gidan wani?"

"Babanki ba ya haɗa ciniki da zuciya. Shi ma yaron ai bai ƙi zuwa ba." Hajja ta ajiye faifan. "Matso nan. Za a kira ki ki saurara, tunda ɗakinki ne. Duk abin da aka tambaye ki, ki ce duka sun yi. Ki zauna daidai, kada ki riƙa karkata kan nan naki kamar kaza ta ga shaho."

Sa'adiyya ta zauna a bakin tabarmar, ta ɗora jakarta a cinya.

Bara waccan, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Maiduguri, sanƙarau ya kwantar da ita. Ta tashi, ta zana jarrabawa, ta ci. Amma kunnenta na hagu bai tashi tare da ita ba. Ko ganga aka buga ta wannan gefen, sai dai ta ji ta da na dama. Alhaji ya sani. Da aka fara maganar Amir ya ce wa Hajja ta sanar da mahaifiyar yaron, Hajja ta dawo ta ce ta faɗa, an ce ba komai.

Ba ta faɗa ba. Su biyu kaɗai suka san haka.

"Hajja, har yaushe?" in ji Sa'adiyya. "Mutum zai kira ni a ɗaki na ƙi amsawa, ya ce raini ne. Jiya a mota sau biyu Amir yana magana ina kallon titi. Ya ce wai kunya ta yi mini yawa."

"Ki bar shi a kunyar. In an ɗaura ya gane da kansa."

"Wannan ai yaudara ce."

"Yaudara? Ke kin san uwarsa Hajiya Ummuhani kuwa? Matar da ta fasa wa ɗanta yarinya don tabon ƙuna a hannu? Kwana goma sha tara ina zaune a kanki a asibiti, ina ɗiga miki ruwa da cokali, ana fita da na gadon kusa da ke ɗaya bayan ɗaya. Ban yi wannan jinyar don a zauna a gidan biki a ce da ke kurma ba."

Hawaye ya zubo wa Sa'adiyya. Ta sa bakin mayafi ta share, wani ya biyo.

"Ni da an bar ni da wanda ya sani."

"Ba a bar ki ba. Shekararki ashirin da biyar, babanki ya tambaye ki, da bakinki kika ce kin bi zaɓinsa. Tashi ki wanke fuska."

Bayan la'asar aka aiko ta je falo.

An ɗage kujeru an jingina da bango. Akwatuna uku suna jere a kan tebur, wayoyi sun bazu a kan kafet. Alhaji yana kan kujerarsa da carbi a hannu. Amir yana tsaye cikin shadda ruwan toka, makullin mota a yatsa. Ɗan abokin Alhaji ne, tirelolinsu ke kai shanu Kudu, kuma ba mutumin banza ba ne, Sa'adiyya ba ta taɓa cewa haka ba. Ɗantala ya rakuɓe kusa da kwalayensa yana fifita da hula.

Bashir yana durƙushe a bayan tebur, waya a baki, yana fere wata da reza. Ya rame. Da ta yi sallama ya amsa tare da kowa, bai ɗago ba.

"Zauna a nan tsakiya," in ji Amir, ya jawo mata kujera. "Nan ne wurin mai gida. Malam, sa mana babbar."

Babbar baƙa ce, fitilu kore da ja sun cika fuskarta. Sifika biyar gare ta, uku a gaba, biyu a bayan kujera. Bashir ya tura kaset ɗin da Amir ya zo da shi, wani fim na yaƙi da ya sayo a Legas. Amir ya murɗa sautin da kansa.

Jirgi ya taso, gilashin taga ya ɗauki rawa. Ɗantala ya dafe hula ya waiga baya yana dariya.

"Kun ji? Ta baya ya wuce! Wallahi ta bayana ya wuce!"

Sa'adiyya ba ta ji ya wuce ta ko'ina ba. Ita dai ƙara ce ta cika mata kai, maganar mutanen fim ta nutse a ciki, ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Ta damƙe hannun kujera, ta tuna kashedin Hajja, ta miƙe wuya.

Bashir ya miƙa hannu ya rage.

"Wa ya ce ka rage?" in ji Amir.

"An ji abin da za a ji."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Bashir, ni ban san waɗannan abubuwa ba. Yadda nake yi a kara haka za mu yi. Kada ka yaba mini ko ɗaya, yabo aikin Ɗantala ne. Aibin kowacce nake so."

Bashir ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"To, Alhaji. Ƙaramar nan ta kiɗa ce zalla. Sautinta ya fi na sauran tsabta, amma ramin da ke bayanta ɗaya ne. In aka jona rikoda, sai an zare kafin a jona bidiyo. Wata biyu ramin zai saki."

"A kau da ita. Babbar fa?"

"Babbar ta fim ce, kuma a kan kaset irin wannan na Legas ba ta da na biyu. Sai dai kaset irinsa ba su kai goma ba a garin nan. Namu na haya kwafi ne a kan kwafi, sautinsu hanya ɗaya yake bi. In an sa su, sifika ɗaya ce za ta yi magana, huɗun su yi ta huci. Kuma ba a yi ta don wutarmu ba, sai da taransifoma. Ranar da aka manta aka soka ta a bango kai tsaye, ta tafi ke nan."

"Haba Bashir," in ji Ɗantala, "da kai da ni fa garin nan muke!"

"Aibi aka tambaye ni, Ɗantala."

Ya tsayar da fim ɗin, ya sa kaset na kiɗa a rikoda, irin waƙoƙin Sudan da ake sa wa a gidajen biki. Ta babbar, muryar mawaƙin ta fito kamar daga cikin rijiya, tana amsa kanta ta baya. Ya sauya wayoyi zuwa ta tsakiyar, wata mai ruwan azurfa da ba ta da ado. Kiɗan ya dawo gaba, ya zauna.

"Wannan tana ɗaukar bidiyo da rikoda lokaci ɗaya. In fim ne a kunna na baya, in kiɗa ne a kashe su. Aibinta, ba ta kai babbar ƙarfi ba. Jirgi ba zai girgiza taga ba."

"Wacce za ka ɗauka, in kai ne?"

"Ta tsakiyar."

Sai ya danna wani ƙaramin maɓalli a ƙasan akwatin, kamar wanda ke share ƙura.

Sa'adiyya ta ji goge ya shigo cikin waƙar. Ɗazu yana can nesa ta gefen hagu, sai ta yi ƙoƙari take tsinkayo shi. Yanzu ga shi tare da ganga da muryar, duka a wuri ɗaya. Ba ta san lokacin da ta saki hannun kujera ba.

Ta san wannan aikin. Bayan ta warke ta kai ƙaramar rikodarta ta kunne shagonsa, ta ce rabin kiɗan ya ɓace. Ya gwada ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ta faɗa masa gaskiya, shi ne baƙo na farko da ta faɗa wa. Bai ce sannu ba, bai yi mata kallon tausayi ba. Ya buɗe wayar ya haɗe hagu da dama, ya miƙo mata ya ce ta gwada. Daga nan komai ya fara.

"Me ka taɓa?" in ji Amir. "Kiɗan ya tsuke."

"Maɓalli ne mai haɗa sautin hagu da na dama ya zama ɗaya. Babbar ba ta da shi."

Amir ya yi dariya. "Baba, ka ji fa. Mutum ya sayi abin da ke raba sauti, sannan ya biya don a haɗe masa. Ai gara rediyon mai shayi. Wa ke buƙatar wannan?"

Alhaji ya juya. "Tambaya ce mai kyau. Wa ke buƙatarsa?"

Bashir ya dubi wayar da ke hannunsa.

"Wani lokaci ana buƙata."

"Wane lokaci?"

Bashir ya ci gaba da juya wayar a hannunsa.

"Bashir, na kira ka ne don an ce ba ka rufa-rufa. Kai ka ce saboda wannan ta fi babbar. Faɗi dalili."

"Alhaji, ka ɗauki ta tsakiyar. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Ni na san dalilin," in ji Amir. Ya daina dariya. "Baba, ka gafarce ni, tun farko bai kamata a kira shi ba. Mutumin da aka hana, shi zai zaɓa mini abin kirki? So yake a kai mini ƙarama, abokaina su zo su yi mini dariya, shi kuma gidan kallonsa ya ci gaba da fin kowa ƙara. Ko ƙarya na yi, Malam?"

Bashir ya durƙusa ya fara naɗe waya a hannu, a hankali, zagaye bayan zagaye. Sa'adiyya tana ganin jijiyar wuyansa.

Fuskar Alhaji ta canja. Ta san wannan fuskar, ita yake yi wa dillalin da ba zai sake kira ba.

"Shi ke nan. Ɗantala, bar babbar. Bashir, na gode da zuwa."

"Baba."

Sa'adiyya kanta ba ta gane muryar tata ba. Duk suka juyo.

"Ni ke buƙatarsa."

Ta ji motsi a bakin ƙofar cikin gida, ta san Hajja ce a bayan labule. Ba ta waiga ba, don ta san in ta waiga ba za ta ƙarasa ba.

"Amir, kunnena na hagu ba ya ji. Tun sanƙarau. Jirgin nan da ya wuce ta bayan kowa, ni ban san ta inda ya bi ba. Sifika biyar ko hamsin, da kunne ɗaya zan ji su. Jiya a mota ba kunya ba ce, ban ji ka ba ne." Ta dubi Bashir. "Shi ya sani. Ya ƙi faɗa ne don ba a ba shi izini ba."

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Amir, ba a gaya muku ba?"

"Wallahi yau na fara ji, Baba."

Labule ya ɗaga. Hajja ta shigo ba mayafin kirki, hannunta da garin shinkafa.

"Ni na ɓoye, Zarami. Kada ka dubi yarinya, ni ka duba."

Alhaji ya dube ta. Yayarsa ce, ita ta goya shi, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Ya Hajja, ko bijimi mai ɗingishi ban taɓa sayarwa ban nuna ƙafar ba."

"Ita ba saniya ba ce!"

"Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Amir ya sa makullin a aljihu, ya sake fitar da shi. Ya dubi Sa'adiyya, a karon farko kallon da ba na ado ba.

"Ni a wurina ba wani abu ba ne. Allah ne ya kawo." Ya juya makullin a yatsa. "Amma ɗayan kunnen fa? Likita ya ce ba zai bi ba? Kuma ba ya taɓa 'ya'ya? Don na san abin da Hajiya za ta fara tambaya ke nan."

"Je ka gaya mata yau," in ji Alhaji. "Ka ce ni Zarami na ba da haƙuri, magana ta zo a makare, laifin gidana ne. In ta ji ta ga za a zo ran Lahadi, ta aiko. In ba ta aiko ba, babu komai tsakanina da mahaifinka sai alheri."

Amir ya durƙusa ya yi sallama. A bakin ƙofa ya dawo ya zare kaset ɗinsa daga bidiyo, sannan ya fita. Suka ji tashin motarsa.

Ɗantala ya fara tura ƙaramar cikin kwali ba tare da an sa shi ba.

Alhaji ya dubi Bashir. "A falona aka ce maka maƙaryaci, ni ma na sallame ka, ka yi shiru."

"Ba maganata ba ce, Alhaji."

"Gidan kallon nan naka yana nan?"

"Yana nan. Da shi da shagon gyara nake ci da mahaifiyata."

"Har yanzu ba na son sa."

"Na sani."

Alhaji ya juya ga 'yarsa. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jakar da ta manta ba ta ajiye ba.

"Halimatu." Shi kaɗai ke kiranta da wannan rabin sunan. "In Ummuhani ta aiko gobe ta ce sun ji sun yarda, me zan ce musu?"

Hajja ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu a hankali.

"Wancan karon ka tambaye ni na ce na bi zaɓinka, Baba. Nauyinka na ji. Kuma na ɗauka mai irin lalurata ba ta da bakin zaɓe." Ta share fuska da bayan hannu. "In sun aiko, ka ba su haƙuri. Ba na so."

"Ko da sun yarda?"

"Ko da sun yarda."

Kaset ɗin ya kai ƙarshe, rikoda ta yi ƙas ta tsaya. Babu wanda ya juya shi.

Alhaji ya miƙe, ya saɓa babbar riga.

"Ɗantala, kwashe biyun, ta tsakiyar ta zauna. Bashir, ka jona ta sosai a nan falon, a nan za ta tsaya har a san gidan da za ta."

Ya nufi ƙofar zaure. Sai da ya sa takalmi, ya ba su baya, sannan ya ƙara wata magana ƙasa-ƙasa, ya fice. Ta gefen hagunta ƙofar take. Sa'adiyya ta ga Bashir ya saki wayar da ke hannunsa, ta ga Ɗantala ya washe baki yana cewa Allah ya sa alheri, ta ga Hajja ta ja tsaki.

"Hajja, me ya ce?"

Hajja ta harare ta. Ta kakkaɓe garin hannunta a zani, ta zagayo ta bayan kujera, ta sunkuya daidai kunnenta na dama.

"Ya ce kawun mai bidiyo ya same shi a rumfarsa ta kara ran Laraba. Tashi ki ɗora mini shinkafar nan, kin sa na bar ta kaji na ci."